Buhu ɗaya, ɗakin gwaji uku: awon wa za a ɗauka?

Aminu, Kakuri: Assalamu alaikum. Ina neman masana ƙididdiga na wannan zaure su raba mana gardama. A wurin aikinmu abincin kaji muke haɗawa, kuma kuɗin dusar waken soya da muke saya ya danganta da yawan furotin ɗin da ke cikinta. Mun ɗebi samfur daga kaya guda, muka gauraya shi sosai, muka raba uku, muka kai ɗakunan gwaji uku. Ba ni da izinin fitar da lambobin kamfani, don haka ga na misali da na tsara masu fasali irin nasu. Ɗaki na farko ya auna sau 3, matsakaici 44.0 cikin ɗari, warwatsuwa (wato yadda awon yake nisanta da matsakaicinsa) 0.1. Na biyu sau 12, matsakaici 45.0, warwatsuwa 0.6. Na uku sau 10, matsakaici 45.2, warwatsuwa 0.5. A ce yarjejeniyarmu da mai kawo kaya ita ce in furotin ya gaza 44.5 a rage masa kuɗi. Ni na tara awo 25 ɗin gaba ɗaya na raba, na sami 44.96. Abokin aikina ya ce a'a, ɗakin da awonsa bai warwatse ba shi ake ba nauyi mafi yawa, ya sami 44.22. Ya ce wannan hanya ita ilimi ya tabbatar, kuma kullum ita ce ta fi. Haka ne?

Injiniya Yusuf, Barnawa: Wa alaikumus salam. Abokin aikinka yana da gaskiya, Aminu. In awon kowane ɗaki yana bin tsarin Gauss, wato yawancinsa ya taru a tsakiya yana raguwa daidai hagu da dama, kuma duk suna kewaya adadi guda ne, to matsakaicin kowannensu kiyasin abu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani tsayuwa. Haɗin da ke ba da kuskure mafi ƙanƙanta shi ne ka ba kowane ɗaki nauyin yawan awonsa a raba da murabba'in warwatsuwarsa. A lambobinka, 3 a raba da 0.01 ya ba da 300, 12 a raba da 0.36 ya ba da 33.3, 10 a raba da 0.25 ya ba da 40. Ka ninka kowane matsakaici da nauyinsa, ka tara, ka raba da 373.3, za ka ga 44.22 ɗin. Graybill da Deal suka rubuta a kan wannan kiyasi a 1959, har yau da sunansu ake kiransa. Abin da ka yi kuwa, ka daidaita awon mai takatsantsan da na mai gaggawa, kowanne ƙuri'a ɗaya. Wannan zaluntar ɗakin da ya yi aiki mai kyau ne.

Alhaji Garba, Kawo: Ni mai sayar da irin wannan kaya ne, ban yi karatun lissafi ba. Amma Injiniya, awo 22 sun ce kayan ya haura 45 ko ya taɓa shi, awo 3 sun ce 44, sai a bi ukun a yanke wa mutum kuɗi? Zuciyata ba ta karɓa ba.

Injiniya Yusuf, Barnawa: Ranka ya daɗe, ba yawan baki ake ƙirgawa ba, ingancin shaida ake dubawa.

Dakta Habiba, Malali: Injiniya, hujjar da ka kawo ingantacciya ce, amma ka tsallake sharaɗinta. Ana cewa wannan nauyi shi ne mafi kyau ne idan an san ainihin warwatsuwar kowane ɗaki. Aminu bai san ta ba. 0.1 ɗin nan kiyasi ne daga awo uku kacal, kuma a kansa aka ɗora kashi 80 cikin ɗari na hukuncin.

Bari in nuna muku raunin kiyasin warwatsuwa daga awo uku. Ko da komai yana bin tsarin Gauss tsaf, kusan sau ɗaya cikin goma murabba'in warwatsuwar da za ka samu zai faɗi ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na gaskiyarsa. Ma'ana, ɗaki na talaka-talaka zai iya samun nauyi ninki goma na abin da ya cancanta, don kawai lambobinsa uku sun dace sun zo kusa da juna ranar. In kuma ka gina iyakokin amincewa na kashi 95 ga warwatsuwar ɗaki na farko, wato tazarar da ake sa ran ta gaskiya tana ciki, daga 0.05 suke tashi su kai 0.63. To 0.63 ai ta ɗaki na biyu ke nan. Bayanan da ke hannunmu ba su isa su ce ɗaki na farko ya fi sauran iya aiki ba.

Akwai kuma wani abu. Tunda warwatsuwar tana ƙasan rabo ne, kuskurenta ba ya tafiya daidai ta ɓangarori biyu. In ta fito babba, nauyi ya ɗan ragu. In ta fito ƙarama, nauyi ya yi tashin gwauron zabo. A awo 11, nauyin da kake lissafawa yana wuce na gaskiya da kashi 25 cikin ɗari a matsakaici. A awo 5, ninki biyu. A awo 3, matsakaicin ma ba shi da iyaka.

Su kansu Graybill da Deal sun san haka. Abin da aka tabbatar shi ne, a ɗakuna biyu, haɗin yana fin matsakaicin kowane ɗaki shi kaɗai, ko yaya warwatsuwar gaskiya take, idan kowanne ya yi awo 11 ko fiye. 10 ma ya wadatar in ɗayan ya kai 19. Norwood da Hinkelmann sun faɗaɗa wannan zuwa ɗakuna da yawa a 1977. Don haka kalmar "kullum" da abokin Aminu ya faɗa ba ta cikin aikin mutanen da yake jingina da su.

Injiniya Yusuf, Barnawa: Dakta, na san sharaɗin 11, amma ki faɗi abin da yake nufi dalla-dalla. Yana cewa ne ƙasa da 11 akwai wani yanayi da haɗin zai gaza matsakaicin ɗaki mafi kyau. Bai ce ƙasa da 11 hanyar ta lalace ba, bai kuma ce tara awo duka a raba ya fi ta ba. Kuma kiyasin ba ya karkata gefe guda, saboda a tsarin Gauss matsakaicin samfur da warwatsuwarsa ba su dogara da juna ba. Ga misali na zahiri da ake koyarwa da shi: awon sinadarin seleniyam a garin madara da Eberhardt da abokan aikinsa suka kawo a 1989. Hanyoyi huɗu, awo 8, 12, 14 da 8, matsakaita 105.0, 109.75, 109.5 da 113.25. Hanya ta uku ita kaɗai ta kwashe kusan kashi 85 na nauyi, haɗin ya ba da 109.6. Biyu daga cikinsu ba su kai 11 ba, kuma ba wanda ya ce a jefar da lissafin.

Dakta Habiba, Malali: Bayaninka a kan 11 daidai ne. Amma dubi misalin naka da kyau. Hanyar da ta kwashe nauyi tana da awo 14, kuma a tsakiyar sauran take zaune. Ka cire ta gaba ɗaya, sauran ukun su ba ka kusan 110.2, wato abin bai gusa da yawa ba. A na Aminu, mai nauyin awo 3 gare shi, kuma a gefe yake shi kaɗai. Ka cire shi, amsa ta tashi daga 44.22 zuwa 45.11, hukuncin kuɗi ya juye. Batun rashin karkata kuma, na yarda, muddin tsarin Gauss ne. Wanda zai ɗauki wannan hanya ya kai ta kan awon gubar afulatoksin a masara ya yi hattara, domin can awo yana da doguwar jela ta sama, ɗakin da ya sami ƙaramin matsakaici yakan sami ƙaramar warwatsuwa, sai ya ja amsa ƙasa, a saki masarar da ya kamata a tsare.

Maryam, Rigasa: Malamaina ku yi mini afuwa in sa baki, ɗaliba ce ni. Na gwada lissafa kuskuren 44.22 ɗin ta hanyar da aka saba, wato ɗaya a raba da tushen jimlar nauyi (adadin da in aka ninka shi da kansa zai ba da jimlar). Ya ba ni 0.052, iyakokin kashi 95 suka zama 44.12 zuwa 44.32. Abin da ya ɗaure mini kai, babu ko ɗaya cikin ɗakunan uku da matsakaicinsa ya faɗa ciki. Sai na yi gwajin Cochran na ko ɗakunan sun yi ittifaƙi: kowane nauyi a ninka da murabba'in nisan ɗakin daga 44.22, a tara. Na sami kusan 73, alhali iyakar kashi 5 ga ɗakuna uku, wadda in an wuce ta ake cewa sun saɓa, 5.99 ce. Anti Dakta, ko na karkace a wani wuri?

Dakta Habiba, Malali: Ba ki karkace ba, ƙanwata, kin ma taɓo jijiyar maganar. Gwajin Cochran yana kumbura in awo kaɗan ne, saboda da wannan nauyin mai rauni yake aiki. To ki yi wa ɗaki na farko sassauci, ki ɗauka warwatsuwarsa 0.6 ce. Har yanzu za ki sami kusan 9.9, sama da 5.99. Duk gardamarmu da Injiniya an gina ta ne a kan cewa ɗakunan uku adadi guda suke kewayawa. Lambobin suna musanta hakan.

Injiniya Yusuf, Barnawa: Amma buhu ɗaya ne, Dakta. An gauraya. Furotin ɗin da ke ciki adadi ɗaya ne, ba uku ba.

Baba Sani, Tudun Wada: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya ce wani abu, a gaban kwalaben gwaji na yi aikina har na ajiye. Yusuf, furotin ɗin buhu ɗaya ne, gaskiya. Amma abin da ɗaki yake rubutawa a takarda ba lallai ya zama abu ɗaya ba.

Na farko, ba wanda ke auna furotin kai tsaye a wannan aiki. Naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25. Wani ɗaki da hanyar Kjeldahl yake aiki, ta dafa samfur a asid, wadda ta fito tun 1883. Wani ƙona samfur yake yi a na'ura ta hanyar Dumas, ita kuma takan ba da adadi ɗan sama kaɗan. Wanda bai bari dahuwar ta kammala ba, ko asid ɗin da yake ƙarasa awo da shi ƙarfinsa ya sauya bai sani ba, duk awonsa za su tafi gefe guda tare, kuma za su yi kyau a ido.

Na biyu, danshi. Wannan shi na fi zargi, ku da kuka san yadda iskar Kaduna take a watan Agusta da yadda take a hunturu. Ku yi lissafi: dusa mai furotin 45.0 a danshi kashi 10, in ka cire ruwan 50.0 ce. Wannan dusar in ta sha iska danshinta ya kai 12, a auna ta, 44.0 za a gani. Ga gibinku nan cif, ba tare da kowa ya yi kuskuren awo ba. Leda ce kawai aka bari a buɗe.

Na uku, Aminu, ka tambaye su me "sau 3" yake nufi. Sun ɗebi samfur uku dabam, suka niƙa, suka dafa kowanne? Ko kofi ɗaya suka sa a na'urar haske suka danna sau uku? In na biyun ne, 0.1 ɗin na nuna cewa na'urar ba ta rawa ne kawai, ba ta ce komai ba game da ko an saita ta daidai. Mudun da aka lotsa gindinsa, in ka auna da shi sau ɗari abu ɗaya zai ba ka, kuma duk ɗarin a tauye suke. Shi ya sa ƙa'idar ISO 5725 ta hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta raba maimaituwar awo a ɗaki guda da daidaituwar awo tsakanin ɗakuna. Nauyin da kuke ta lissafawa na farkon kawai yake gani.

Aminu, Kakuri: Allah ya ƙara girma, Baba. Takardar ɗaki na farko ba ta faɗi hanyar da suka bi ba, ba ta kuma ambaci danshi ba. Sauran biyun sun rubuta Kjeldahl.

Alhaji Garba, Kawo: Madalla. To yanzu, Dakta, in yau za a biya kuɗi, wace lamba za a rubuta? Mota ba ta jira a ƙofar sito sai an gama bincike.

Dakta Habiba, Malali: Ranka ya daɗe, in aka tilasta mini da waɗannan lambobin kaɗai, zan ɗauka kowane ɗaki yana da tasa karkatar, in ƙara warwatsuwar tsakanin ɗakuna a kan ta cikin ɗaki kafin in raba nauyi. Ma'aikatan hukumar ma'auni ta Amurka, Mandel da Paule, sun tsara haka tun 1970 don irin wannan matsalar, masu haɗa binciken likitanci kuma suka saba da hanyar DerSimonian da Laird ta 1986. Idan saɓanin ɗakuna ya yi girma kamar nan, nauyin yakan kusa daidaituwa, amsa ta matso matsakaicin ɗakunan uku, wato 44.73. Sai dai iyakokinta masu faɗi ne, wajen 43.1 zuwa 46.3. Abin da zan ce a fili shi ne, wannan awo bai tabbatar da cewa kayan ya gaza 44.5 ba, bai kuma tabbatar da ya haura ba. Ba zan sa hannu a yanke wa mutum kuɗi da shi ba.

Injiniya Yusuf, Barnawa: A nan zan riƙe ki da hujjarki, Dakta. Kin ƙi warwatsuwar ɗaki na farko don daga lambobi uku ta fito. Warwatsuwar tsakanin ɗakuna da kike son dogara da ita daga lambobi nawa ta fito? Uku: 44.0, 45.0, 45.2. Raunin ɗaya ne. Kuma iyakokin da suka kai faɗin maki uku ba su amfanar mai saye ko mai sayarwa, kowa ya san dusar soya tana wannan tsakanin tun kafin a kai ta gwaji. Ƙari a kan haka, hanyarki tana ɗauka ɗakunan uku an tsamo su ne cikin tarin ɗakuna masu karkata hagu da dama daidai wa daida. In biyu Kjeldahl ne ɗaya na'urar haske, wannan zaton ma bai tsaya ba.

Dakta Habiba, Malali: Raunin ɗaya ne, ban musa ba. Bambancin shi ne ni na biya kuɗinsa. Na ninka kuskuren da 4.30, adadin da lambobi uku suka wajabta, ba 1.96 da aka saba ba, shi ya sa iyakokin suka buɗe. Naka lissafin ya ɗauki 0.1 kamar sananniyar gaskiya, ya fito da 0.052, ya ba Aminu tabbacin da ba shi da shi. Meier ya nuna tun 1953 cewa wannan kuskuren da aka saba lissafawa yana fitowa ƙasa da gaskiya, ya kuma ba da gyara. Ko a ɗakuna uku masu awo 11 kowanne da nauyi daidai, gyaran yana ƙara kusan kashi 27 a kan murabba'in kuskuren. Hanyoyin da ke ba da iyakoki na ainihi ma ba sa karɓar bayanan Aminu: ta Fairweather ta 1972 tana bukatar awo sama da 3 a kowane ɗaki, ta Jordan da Krishnamoorthy ta 1996 sama da 5. Faɗin iyakokina ba ya amfanar ciniki, na yarda, amma shi ne girman abin da awon ya iya faɗa.

Maganarka ta ƙarshe kuwa ita ta fi nauyi, kuma tana tura mu ga Baba ne. In an san dalilin saɓani, gyara shi ake yi, ba a lulluɓe shi da lissafi.

Maryam, Rigasa: Ke nan, Anti, in aka gyara danshi ɗakunan suka daidaita, hanyar Injiniya ce za a koma?

Dakta Habiba, Malali: Ita ce, da gyaran Meier, in kowane ɗaki ya yi awo masu zaman kansu da suka kai 11. A wannan halin ta fi tara awo duka a raba, idan ɗakunan sun bambanta sosai a iya aiki. In kuwa warwatsuwarsu kusan ɗaya ce, abin da Aminu ya yi da farko ya wadatar, ba a bukatar kiyasta nauyi ana ƙara hayaniya.

Injiniya Yusuf, Barnawa: Ni ba zan jira 11 ba. Awo 11 a ɗakuna uku dahuwa 33 ke nan, ga kuɗin sinadarai ga lokaci, a kan kaya guda. Da 6 ko 7 a kowane ɗaki zan yi amfani da nauyin, in sa gyaran. Cochran da Yates, da suke haɗa gwaje-gwajen gona a Ingila tun shekarun 1930, ba su ce ko duka ko babu ba. Cochran ya ba da shawarar a ba ɗakunan da suka fi tsayuwa nauyi iri ɗaya, kada ɗaya ya haɗiye sauran, a rage wa masu rauni kaɗai. Wannan matsakaiciyar hanya ce da ta dace da aljihunmu.

Dakta Habiba, Malali: Wannan hanyar ta Cochran ina goyon bayanta, domin tana hana abin da ya faru a nan. A kan 6 ko 7 kuwa ban sauka ba. A awo 7 nauyi yana kumbura da rabi a matsakaici, kuma a kan iyaka irin 44.5 wannan ya isa ya juya hukunci.

Baba Sani, Tudun Wada: Kafin ku kashe kuɗin 33, ku kashe na uku. A sami samfurin da aka san furotin ɗinsa, mai takardar shaida, a ba kowane ɗaki ba tare da an gaya musu adadin ba. Wanda ya karkata zai bayyana a rana ɗaya. Sannan kowa ya busar da samfur a tanda ya rubuta danshi, a mai da dukkan sakamako kan busasshen nauyi. Kuma Aminu, a kwalba mai murfi za ka kai, ba a leda ba.

Alhaji Garba, Kawo: In haka ne a rubuta a yarjejeniya tun farko: hanya kaza, danshi kaza, awo kaza, kuma in an saɓa wa zai biya kuɗin sake gwaji. Mu 'yan kasuwa ba mu ƙi a rage mana ba in kaya ya gaza, abin da muka ƙi shi ne a sauya ma'auni bayan an sauke kaya.

Aminu, Kakuri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe in sha Allahu zan rubuta wa ɗaki na farko in tambayi hanyarsu, da danshin da suka samu, da ko samfur uku ne ko karatu uku. Zan kuma nemi shugabanmu ya dakatar da rage kuɗin har amsa ta zo. Injiniya, Dakta, ragowar samfurin da muka ajiye ba zai kai dahuwa 11 ga kowane ɗaki ba, amma zai kai 8. In sakamakon ya fito zan kawo shi a lissafa ta hanyoyinku biyu.